Jarrabawar Ɗaukar Ma'aikata: Shari'ar Kamfanin Duke Power

In muka waiwayi tarihin jarrabawar ɗaukar ma'aikata, lalle ne mu tsaya kan Duke Power, kamfanin lantarki na Karolina ta Arewa, a Amurka. Ran 2 ga Yuli, 1965, watau ranar da dokar hana wariya wajen aiki ta kankama, kamfanin ya gindaya cin jarrabawa biyu ga masu neman sassan da albashinsu ya fi tsoka. Baƙar fata, waɗanda aka daɗe ana tauye wa ilmi, su suka fi faɗuwa. Ma'aikata 13 suka kai ƙara. A 1971 Kotun Ƙoli ta hukunta cewa jarrabawar da ke tankaɗe wata al'umma, alhali ba ta auna aikin da za a yi, ta saɓa doka, ko da babu mugun nufi.