Daga Zangon Fatake Zuwa Ƙofar Otal: Wa Ke Tarbar Baƙo a Ankara?

Duk wanda jirgi ya sauke shi a Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, da ya fito harabar filin jirgi zai tarar da masu tasi suna jiransa. Tasin Gana ba ta da mita, sai an yi ciniki kafin a shiga. Mai ƙaramin guzuri yakan ja kayansa zuwa bakin titi ya tari torotoro, ƙaramar bas ɗin da ta samo sunanta daga kalmar Ga mai nufin kwabo uku, kuɗin motar zamanin da. Tun 2016 kuma, da zuwan Uber, wasu da wayar hannu suke kiran mota. Cikin ɗan lokaci baƙo ya isa otal, an miƙa masa mabuɗi, ba wanda ya tambaye shi ɗan wane ne.

Kakanninmu ba haka suka shigo ƙasar nan ba. A ƙarni na 19 fatake kan taso daga Kano da Katsina da jakuna, madugu na gaba, su shafe watanni kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, inda kasuwar goro take. Falke ba ya neman ɗakin haya. Mai gida yake nema. Shi ke ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi, ya shiga tsakani in rigima ta tashi. Ladansa la'ada ce daga ciniki, jarinsa kuwa amana.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa zuwa Karachi da Kumasi da Ankara, kowa ya tafi da wannan al'ada. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo, ɗan Malam Na'inno, ya kafa Sabon Zango, daga baya Nima da Mamobi suka cika. Filin jirgin kansa sojojin Ingila ne suka yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, kafin ya koma na fasinja, aka raɗa masa sunan Janar Kotoka a 1969. Tsakaninsa da Nima tafiyar 'yan mintoci ce. Muna yara mun ga yadda ake tashin saurayi ya je ya taro baƙo, a fara kai shi gaban dattijo ya yi gaisuwa, sannan a nuna masa ɗaki.

Ba mu ce otal aibi ne ba. Zamani riga ne, kuma gidajen zango sun yi wa masu su kaɗan. Abin da ke damunmu shi ne, mu da ke riƙe da littafin ƙofar dattawa, yanzu ba ma jin labarin baƙo sai an damfare shi, ko fasfo ya ɓace, ko ciwo ya kwantar da shi. A ranar ne ake neman wanda ya san shi, a rasa. Direba ya karɓi kuɗinsa ya tafi, mai otal kuma lambar ɗaki kawai ya sani.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka sauka, yi cinikin tasi tun kafin ka zauna, ka kwana inda ranka ke so. Amma da gari ya waye, ka nemi ƙofar sarkin zango ka yi sallama, a san da kai a gari.