Horo da Yunwa a Dokar Yaƙi ta Duniya

Horo da yunwa shi ne a tsare wa fararen hula abinci, ruwa, magani ko kayan agaji da gangan don a ci yaƙi. Dabarar ta tsufa, haramcinta kuwa bai daɗe ba. Dokar Lieber da aka tsara wa sojojin Amurka a 1863 ta halatta ta ƙarara. Ko a 1948, da kotun sojan Amurka a Nuremberg ta gurfanar da kwamandan sojan Jamus Wilhelm von Leeb, wanda rundunarsa ta yi wa Leningrad ƙawanya har dubban ɗaruruwan mutane suka mutu da yunwa, alƙalai ba su kama shi da laifi a kan wannan ba. Sun ce dokar zamanin ba ta hana a toshe gari har yunwa ta sa ya miƙa wuya ba. Wasu laifuffukan ne suka kai shi kurkuku.

Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970, da hotunan yara masu kumburarren ciki da suka zaga duniya, yana cikin abin da ya sauya tunani. A 1977 aka ƙara wa yarjejeniyoyin Geneva wasu guda biyu da suka haramta horon. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta sa shi cikin laifukan yaƙi, amma sai in yaƙin tsakanin ƙasa da ƙasa ne. Wannan babban giɓi ne, domin a yaƙin basasa yunwa ta fi yin ɓarna. Sai a Disamban 2019 aka yi gyaran da ya haɗa da yaƙin basasa, bisa shawarar Suwizalan, gyaran da ƙasashe ƙalilan suka tabbatar.

Masu shakka suna cewa yunwa ba ta da uba ɗaya: ga fari, ga tsada, ga gonakin da aka gudu aka bari, wa za a kama? Hujjar ba ta da ƙarfin da ake zato. Doka ba ta ce sai an ƙirga gawarwaki ba. Abin da take nema shi ne shaidar cewa an hana mutane abin da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi, kuma da niyya. Niyya kuwa tana barin sawu: umarnin rufe iyaka, jerin motocin agaji da aka tsare a shinge, rijiyar da aka lalata, furucin shugaba a gaban 'yan jarida.

Cikas ɗin da ya rage na siyasa ne. Sai ranar 21 ga Nuwamban 2024 kotun ta duniya ta fara fitar da sammaci kan wannan laifi, na Benjamin Netanyahu, firaministan Isra'ila a lokacin, da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant game da Gaza, zargin da Isra'ila ta musanta. Kotun ba ta da 'yan sanda nata, kuma ba ta yi wa mutum shari'a a bayan idonsa.