Tarihin Ƙungiyar Busa Sarewa ta 39th Old Boys a Belfast

A Ailan ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, garuruwa da unguwannin ma'aikata da yawa suna da ƙungiyar masu busa sarewa. Al'adar ta samo asali daga badujalar sojojin Birtaniya, waɗanda ke maci da ƙaramar sarewa da ganga. A ƙarni na 19 farar hula suka ɗauki wannan salo. Sarewa ba ta da tsada kamar kayan busa na tagulla, don haka talakawa kan iya haɗa kuɗi su saya wa samarinsu.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce 39th Old Boys ta birnin Belfast. Sunanta na nuna tushenta: tsofaffin ƴan runduna ta 39 ne na Boys' Brigade, wata ƙungiyar tarbiyyar yara maza ta coci da William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883. Da yaran suka girma suka bar rundunar, ba su yar da sarewarsu ba. Suka ci gaba da haɗuwa bayan tashi daga aiki, suna koyar da na baya.

Belfast a lokacin gari ne na masaƙu da ƙera jiragen ruwa, inda aka ƙera Titanic. Ɗan lebura ba shi da halin biyan malamin kiɗa. Ƙungiyar unguwa ita ce makarantarsa: a nan yake koyon karanta rubutun kiɗa, da kiyaye lokaci, da sauraron na kusa da shi. Ƙungiyoyi irin wannan ba su tsaya ga kiɗan maci ba. Sun riƙa amfani da sarewa manya da ƙanana, kowace da muryarta, suna busa ayyukan manyan mawallafan kiɗa na Turai, suna kuma shiga gasa.

Daga wannan makaranta James Galway ya fito. An haife shi a Belfast a 1939, mahaifinsa ma'aikacin wurin ƙera jirage ne, kuma mai busa sarewa. Ya fara da ƙungiyar Onward, sannan ya koma 39th Old Boys, inda Billy Dunwoody ya ƙarfafa masa gwiwa. Daga baya ya yi karatu a Landan da Faris, ya zama jagoran masu sarewa a babbar ƙungiyar kiɗa ta Berlin daga 1969 zuwa 1975.

Sai dai sarewa a wannan ƙasa tana da wata fuska. Akasarin ƙungiyoyin na al'ummar Furotesta ne, kuma da yawa kan raka faretin 12 ga Yuli, wanda ƙungiyar Orange Order, da aka kafa a 1795, ke yi don tunawa da nasarar Sarki William a yaƙin Boyne na 1690. A zamanin rikicin da ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1960, an sami sababbin ƙungiyoyi masu fifita ƙarar ganga a kan daɗin busa. Wucewarsu ta unguwannin Katolika kan zama tsokana, har ta kai ga kafa hukumar kula da fareti gab da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998.

Saboda haka wanda ya ji sarewa a titin Belfast yana iya jin abu biyu: ga wani alamar gado ce, ga maƙwabcinsa kuwa gargaɗi ne. Tarihin 39th Old Boys ya nuna cewa akwai fuska ta uku, wadda ba a cika gani a labarai ba: ɗaki ɗaya a unguwar talakawa, inda dattijo ke koya wa yaro yadda ake riƙe numfashi.