Yadda Gatse Ya Tashi Daga Baki Ya Shiga Littafi

A kasuwar shanu ta Mubi, Bafulatani kan tare Babarbare ya kira shi bawansa, shi kuma ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi, su yi dariya su ƙulla ciniki. Baƙo zai zaci faɗa ne. Su kuwa sun san wasa ne da suka gada kaka da kakanni, irin wanda ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi. A garin da Gude da Fali da Margi da Higi da Fulani suka haɗu a kan Hausa, irin wannan magana mai baibai ita ke nuna wanda harshen ya zauna a bakinsa.

Daga nan adabinmu ya samo gatse da habaici. Kunya ta hana amarya ambatar uwar miji, ta hana kishiya fitowa fili, sai a sako zancen cikin waƙar daka ko ta niƙa. Tsoro ma ya taka rawa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa na Isa suna wasa ubangidansu, sannan su yi wa abokin hamayyarsa zambo ba tare da kama suna ba, amma duk wanda ke fadar ya san inda kibiyar ta nufa.

Wahalar ta zo ne da aka koma takarda, domin takarda ba ta da murya, ba ta ƙifta ido. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, a 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A ganina, a nan ne aka fara warware matsalar. Dubi inda jarumin labarin, Alhaji Imam, wanda ba shi da karatun kirki, ya kara da Malam Zurƙe a gaban mutanen gari. Ya zana wata alama a ƙasa. Zurƙe ya karanta ta a matsayin harafi, kamar yadda kowane malami zai yi. Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka ba shi gaskiya, aka kori mai ilimi. Marubucin bai tsaya yin wa'azi ba. Ya bar mai karatu ya san abin da mutanen garin ba su sani ba, kuma wannan sanin shi ya maye gurbin murya da ƙifta ido. Ana dariya, amma ana jin ciwon yadda jahilci ke kayar da sani idan alƙalan jahilai ne.

Siyasar shekarun 1950 ta ƙara wa abin kaifi. Mawaƙan jam'iyyar NEPU irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin sun yi ta musayar habaici da na jam'iyyar NPC, a lokacin da kalma ɗaya kan kai mutum gaban alƙali. Daga baya masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero suka tsara waɗannan dabaru ƙarƙashin adon harshe, suka shiga aji.

Abin da ke damuna shi ne yau ɗalibi kan haddace ma'anar habaici don jarrabawa, amma ya kasa gane shi a cikin labari. Malamai, ku riƙa karanta wa yara labarin a bayyane, ku tambaye su me suka sani wanda mutanen cikinsa ba su sani ba, kafin ku rubuta musu ma'ana a allo.