Kifin da Ke Shayar da 'Ya'yansa: Tarihin Kiwon Diskas

Wannan makon za mu leƙa tarihin wani kifi da ya daɗe yana wahalar da masu kiwo, alhali maganin matsalar yana gabansu suna kallo.

Sunansa diskas, saboda jikinsa a zagaye yake kuma shafal kamar faifai. Asalinsa kogin Amazon da rassansa a Kudancin Amurka, inda ruwa yake da ɗumi kuma ba ya gudu da ƙarfi. Dangi ɗaya yake da karfasar da muka sani a kogunanmu, wadda uwarta ke renon ƙwai a cikin baki. Dangin nan dama sun shahara da kula da 'ya'ya, amma diskas nasa salon daban ne.

Wani masanin halittu ɗan ƙasar Ostiriya, Johann Natterer, ya tafi Brazil a 1817, ya yi kusan shekara 18 yana tattara dabbobi da tsuntsaye da kifaye yana aikawa Vienna. Daga cikin abin da ya tara ne Johann Jacob Heckel ya siffanta wannan kifi a 1840, ya raɗa masa sunan kimiyya Symphysodon discus. A 1904 Bafaranshe Jacques Pellegrin ya siffanta wani nau'in nasa. Duk wannan matattun kifaye ake nazari. Sai a shekarun 1920 aka fara kai shi Jamus da ransa, da tsada mai yawa, kuma da yawa suna mutuwa a hanya.

Da aka samu ya fara yin ƙwai a tankin gilashi, sai wata matsala ta taso. Iyayen kan cinye ƙwansu idan sun tsorata, musamman sababbin haihuwa. Masu kiwo suna da dabarar da ta yi musu aiki a kan ɗan uwansa kifin enjel: a ɗauke ƙwai a sa a wani mazubi, a ƙyanƙyashe ba tare da iyaye ba. Suka yi wa diskas haka. Ƙwai ya ƙyanƙyashe lafiya, 'ya'ya suka fara iyo, suka ƙi duk abincin da aka ba su, cikin 'yan kwanaki suka mace. Garin neman gira aka rasa ido.

Waɗanda suka bar 'ya'yan tare da iyaye sun ga wani abu. Da zarar sun fara iyo sai su yanyame jikin uwa da uba suna tsattsaga. Da farko an ɗauka fakewa kawai suke yi. Ashe ci suke yi. Fatar iyayen tana fitar da wani yauƙi mai kauri, shi ne abincinsu na farko. A 1959 W. H. Hildemann ya wallafa bayanin wannan ɗabi'a a mujallar The American Naturalist, maganar ta tabbata a wurin masana.

Bayan haka masu kiwo suka rabu biyu. Wasu suka bar wa iyaye aikinsu. Wasu kuma, irin su Jack Wattley na jihar Florida a Amurka, suka nemi abin da zai maye gurbin yauƙin. Ana shafa haɗin gwaiduwar ƙwai a gefen kwano daidai bakin ruwa, 'ya'yan su tsattsaga, sannan a canza ruwan bayan kowane ci, sau da dama a yini. Dabarar ta yi aiki, amma reno ne mai hana barci, kuma kuskure kaɗan ruwa ya ɓaci su mutu gaba ɗaya.

A 2010 Jonathan Buckley da abokan aikinsa na Jami'ar Plymouth a Ingila, tare da masana daga Manaus ta Brazil, suka auna yauƙin. Suka gano cewa lokacin da iyaye suka yi ƙwai, sinadaran garkuwar jiki da na gina jiki suna ƙaruwa a cikinsa, kamar dakashin da jariri ke fara sha. Suka kuma ga uwa da uba suna karɓa-karɓa: wanda ya gaji sai ya girgiza jiki ya sauke 'ya'yan a kan ɗan uwansa. Daga mako na uku iyaye kan fara guje musu. Wato har yaye suke yi.

Abin da ake gaya wa sabon mai kiwo yau daga wannan wahalar aka samo shi. Ruwa ya tsaya tsakanin digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyas. Ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana 2 zuwa 3, 'ya'yan su ƙara kamar kwana 3 a manne suna rayuwa da sauran gwaiduwar cikinsu, sannan su tashi iyo. A wannan lokacin jikin iyaye kan yi duhu, 'ya'yan kuma duhu suke bi, don haka ake cire duk wani baƙin abu daga tankin, a rage ruwa don su sami iyayen da wuri. Bayan kamar mako guda a fara ƙara musu 'ya'yan atemiya, wani ƙanƙanin jatan lande na ruwan gishiri da ake ƙyanƙyashewa a gida. Ana canza wani kaso na ruwan kullum da mai ɗumi iri ɗaya. Bayan mako 2 zuwa 4 sai a raba su, don idan suka daɗe sukan ji wa fatar iyaye rauni. Idan kuma iyaye suka cinye ƙwan farko, a yi haƙuri, yawanci sukan daina bayan 'yan karo.

Daga 1840 zuwa 1959 shekara 119 ke nan. Ba ƙarancin ƙwazo ya kashe 'ya'yan kifin nan ba, hannun mai kiwo ne ya riga idonsa. Mu da muke koyon rubutu mun san wannan halin: mukan yi saurin gyara abin da ba mu tsaya mun kalla da kyau ba. Muna jiran gyararrakinku da tambayoyinku, Allah Ya kai mu mako mai zuwa.