Malamin da ya shekara 47 a makaranta guda

Shekarata ta biyu da fara koyarwa, darakta ya miƙo mini ƙwallo da usur, ya ce daga yau wasanni suna hannuna, tunda ni ne yaro a cikin malamai. Ban taɓa koyon aikin ba. Shi ya sa da na ci karo da tarihin Clarence Gaines, wani baƙar fata ɗan Amurka, na kasa ajiye shi.

An haife shi a 1923 a garin Paducah na jihar Kentucky, zamanin da dokar kudancin Amurka ta raba baƙi da farare a makaranta, a mota, har a wurin shan ruwa. Ya yi karatu a Morgan State, jami'ar baƙar fata, inda ya yi suna a ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a guje ana karo kamar raguna. Girman jikinsa ya sa aka laƙaba masa Big House, wato babban gida. Burinsa ya zama likitan haƙori. A 1945 ya karɓi aiki a Winston-Salem, jihar Karolina ta Arewa, da niyyar ya ɗan taɓa ya wuce. Makarantar horar da malamai ce, irin wadda na fito, ƙarama, ɗalibanta galibi mata.

A 1946 aka ɗora masa ƙungiyar ƙwallon Amurka da ta ƙwallon kwando, ga kuma aji. Ta farkon ya fi sani, amma bayan 1949 ya sake ta ya riƙe kwando. Abin da ya burge ni a nan shi ne bai ji kunyar tambaya ba. Ya raɓi John McLendon, kocin wata jami'ar baƙar fata a jihar, wanda ya yi karatu a hannun James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro wasan a 1891. Abokan hamayya ne a fili, amma tare suke tafiya neman ƴan wasa. Mu nan, malami nawa ne zai ƙwanƙwasa ƙofar ajin maƙwabcinsa ya ce koya mini?

A kakar 1966 zuwa 1967 aka ga amfanin wahalar. Yana da wani yaro ɗan Filadelfiya, Earl Monroe, mai zuba maki sama da 41 a kowane wasa idan aka daidaita. Sun ci wasa 31, an cinye su sau ɗaya tak, suka ɗauki kofin ƙasa na rukunin ƙananan jami'o'i. Kafin su babu jami'ar baƙar fata da ta taɓa cin kofin kwando na hukumar NCAA. Fararen garin ma suka riƙa tururuwar zuwa kallo.

Sai dai abin da baƙaƙe suka daɗe suna fafutukar samu shi ne ya rage wa Gaines ƙarfi. Da wariya ta faɗi, manyan jami'o'in da a da ba sa karɓar baƙar fata suka buɗe ƙofa, da kuɗinsu da talabijin ɗinsu, suka kwashe yaran da suka fi kowa iyawa. Ba na ganin laifin yaran ko na iyayensu. Ni ma kowace shigar lakwal nakan duba jerin sunaye in tarar na ɗaya da na biyu sun koma makarantar kuɗi, kuma da ɗana ne wataƙila haka zan yi. Amma wanda aka bari da sauran ajin shi ya san yadda abin yake a ƙirji. Gaines ya ƙara shekara 26 bayan kofin yana aiki da waɗanda suka rage, har nasara ta yi ƙaranci a ƙarshe, aka fara cewa tsohon ya huta.

Ya ajiye aiki a 1993 da nasara 828, ya rasu a 2005. Lokacin da ya sauka, koci ɗaya ne kawai ya fi shi yawan nasara a tarihin kwandon NCAA na maza: Adolph Rupp na Jami'ar Kentucky, mai 876. Jami'ar jihar da aka haifi Gaines ce, wadda ba ta karɓar irinsa sa'ad da ya gama sakandare, kuma sai a 1969 Rupp ya ɗauki ɗan wasa baƙar fata na farko.