Haɗa Maganin Gargajiya da na Asibiti: Yadda Suke Karo a Jiki

A unguwar Barkin Sale da ke Minna, kamar sauran unguwannin Arewa, da wuya zazzaɓin damina ya kwantar da mutum bai sha magani iri biyu ba. Da safe a sayo ƙwayoyi a kemis, da yamma a dafa ganyen dogon yaro a yi sirace, a kurɓi ruwan. Mai hawan jini yana kora ƙwayarsa da zoɓo, mai ciwon suga yana jiƙa shuwaka. Masana harhaɗa magunguna suna jan kunne game da wannan haɗi ne saboda tsirran suna aiki da gaske, kuma duk abin da ke aiki a jiki yana iya ƙara wa wani magani ƙarfi ko ya rage masa.

Ƙarin ƙarfin ne ya fi saurin kai mutum ƙasa. Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, don haka wanda ya yawaita shi mai kauri a kan maganin asibiti yana iya jin jiri idan ya miƙe. Shuwaka da zogale da garahunu an san su da rage suga, kuma idan suka haɗu da insulin ko ƙwayar glibenclamide, suga na iya faɗuwa har a ga gumi da karkarwa da ruɗewa, wanda dangi kan ɗauka ciwon ne ya tashi, su ƙara jiƙo. Tafarnuwa da citta masu yawa suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan wafarin ko asfirin. Ko tsamiya ba ta tsira ba: wani bincike da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka wallafa a 1996, ya nuna tana ƙara yawan asfirin da ke shiga jini.

Ragewar kuwa a ɓoye take zuwa. Shayi mai kauri yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙwayar ƙarin jini da ake bai wa masu juna biyu. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin na gishiri, wanda ke warware aikin maganin hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon zuciya bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da zafin jego. Filasko, da ake sha don wankin ciki, yana zubar da sinadarin fotasiyam, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin sa fitsari ko na zuciya.

Batun tazargade ya fi sarƙaƙiya. Daga tsiron dangin nan aka samo atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau, binciken da ya kai Tu Youyou ta ƙasar Sin ga lambar yabo ta Nobel a 2015. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha ganyen a matsayin magani ba, domin sinadarin da ke cikin jiƙo ba shi da tsayayyen ma'auni. Wanda ya sha kaɗan yana iya jin sauƙi alhali ƙwayar cutar na nan, tana kuma koyon jure magani.

Gwamnati ba ta juya wa maganin gargajiya baya ba. Najeriya ta fitar da manufar ƙasa a kansa a 2007, cibiyar NIPRD da ke Idu a Abuja ta samar da Niprisan na masu sikila daga tsirrai, kuma ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka kowace 31 ga Agusta. Sai dai jama'a da yawa suna yi wa lambar NAFDAC fahimtar da ta wuce ma'anarta. Lambar da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an gwada maganin an ga ba ya cutarwa a yadda aka ce a sha. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtukan da aka jera a kwalbar. Jiƙon da ake tallatawa a gora a tasha ko bakin kasuwa kuwa ko wannan gwajin bai samu ba.

Abin da ya fi wahalar da ma'aikatan lafiya shi ne shirun majinyata, waɗanda kan ɓoye abin da suka sha don gudun faɗa. A nan ma'aikatan ma suna da nasu laifin, domin wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya ba ya sake faɗa. Likita ko mai harhaɗa magani yana buƙatar sunan tsiron da yadda aka haɗa shi da yawan da ake sha, kuma zuwa da kwalbar ko sassaƙen ya fi kwatance. Bayar da tazarar sa'o'i biyu tana taimakawa a kan shayi da ƙwayar ƙarin jini, amma ba ta hana suga ko jini faɗuwa. Wanda aka sa wa ranar tiyata, akan umarce shi ya dakatar da irin waɗannan magunguna mako biyu kafin ranar.